Jimillar Rahotona Ta Saɓa Bayan Na Kai Fayil Wata Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne nake riƙe da lissafin shagon sarin kayan masarufi na Baffana a Kano. Ina aiki da fayil uku na Excel a kwamfutar shago: na Farashi, na Ciniki, da na Rahoto wanda yake janyo alƙaluma daga sauran biyun. A ƙarshen watan jiya na buɗe Rahoto, na yi masa Save As, wato na adana sabon kwafinsa, a kan filash, na kwafi sauran biyun daga baya, na tafi da su gida domin in ƙarasa aikin a laftof ɗin Baffa. Na shigar da cinikin kwanaki huɗu na ƙarshe a fayil ɗin Ciniki, amma jimillar Rahoto ba ta motsa ba, wasu gurabe kuma suka koma nuna alamar kuskure ta #VALUE!. Baffa ya kwatanta Rahoto da littafin ciniki ya ga giɓi, kuma tun ranar ya rage sakar mini fuska. Wallahi ban taɓa ko kwabo ba. Me ya lalata fomulolin, kuma yaya zan yi in wanke kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da zan fara gaya maka domin hankalinka ya kwanta shi ne, bisa yadda ka kwatanta, fomulolinka ba su lalace ba, kuma babu wani kuɗi da ya ɓata. Abin da ya faru shi ne Rahoto yana ci gaba da neman fayil ɗin Ciniki a inda ya san shi, wato a cikin kwamfutar shago, alhali kai kana rubutu a wani kwafi dabam da ke kan laftof. Da bai same shi ba, sai ya ci gaba da nuna maka alƙaluman da ya gani na ƙarshe kafin ka baro shago. Giɓin da Baffa ya gani, idan hasashena ya yi daidai, zai zo daidai da cinikin kwanaki huɗun nan, ba ƙari ba ragi, kuma wannan ne hujjarka mafi ƙarfi. Zan dawo kanta, amma bari mu fara da yadda abin yake aiki, domin wanda bai gane dalili ba zai sake faɗawa cikin ramin a wata mai zuwa.

Duk fomular da take janyo alƙalami daga wani fayil tana ɗauke da abu uku: sunan fayil ɗin, sunan shafin, da gurbin da ake nufi. Idan fayil ɗin Ciniki yana buɗe, za ka ga fomular a taƙaice, kamar haka: =[Ciniki.xlsx]Yuni!D40. Da zarar ka rufe shi, Excel zai nuna maka ita da dogon adireshi, kamar ='C:\Users\Shago\Documents\Lissafi\[Ciniki.xlsx]Yuni'!D40. Mutane da yawa suna ganin wannan dogon adireshi su ɗauka cewa shi ne aka rubuta a cikin fayil, amma kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana cewa abin da ake gani a layin fomula ba lallai ne ya zama abin da aka adana ba. Excel yana da hanyoyi biyu na tuna inda fayil yake, kuma bambancinsu kamar bambancin kwatance ne da adireshi. Idan fayilolin biyu suna folda ɗaya, sunan fayil kawai yake adanawa, tamkar mutumin da ya ce "ɗakin da ke kusa da nawa"; duk inda aka kwashe gidan aka kai, kwatancen yana nan daram. Haka ma idan fayil ɗin da ake janyowa yana cikin ƙaramar folda a ƙarƙashin wadda Rahoto yake ciki. Amma idan ɗaya yana kan C:, wato ma'ajiyar cikin kwamfuta, ɗaya kuma yana kan filash, babu sauran kwatance, dole ya rubuta cikakken adireshi har da harafin ma'ajiyar, kuma wannan adireshi ba ya da amfani a wata kwamfuta.

A nan ne Save As ya cuce ka. A lokacin da ka ce a adana Rahoto a kan filash, Excel ya ɗauka kana son sabon kwafin ya ci gaba da duba ainihin Ciniki da Farashi da ke cikin kwamfutar shago, domin su ba su motsa ba. Saboda haka ya sauya kwatancen zuwa cikakken adireshi, ya rubuta shi a cikin sabon kwafin. Daga baya ka kwafi sauran biyun ka ajiye su kusa da shi, amma aikin gama ya riga ya gama, domin Rahoto ya daina duba maƙwabtansa, yana duba wata folda ce a ƙarƙashin C:\Users\Shago, wadda babu ita a laftof ɗin Baffa, inda sunan mai amfani da kwamfutar ma dabam ne. Da a ce ka rufe Excel gaba ɗaya, ka kwafi foldar dungurungum daga cikin Windows ka liƙa ta a filash, da wannan wasiƙa ba ta zo mini ba.

Game da guraben da suka koma #VALUE!, ina kyautata zaton fomulolin SUMIF ko COUNTIF, masu tarawa ko ƙirgawa bisa sharaɗi, ka yi amfani da su, ko 'yan'uwansu SUMIFS da COUNTIFS. Waɗannan ba sa iya karanta fayil ɗin da yake rufe. Ko a kwamfutar shago, idan ka rufe Ciniki ka sa Rahoto ya sake lissafi, haka za su nuna. Wataƙila ba ka taɓa lura ba ne domin kullum fayilolin uku a buɗe suke a gabanka. INDIRECT ma haka yake, sai dai shi #REF! yake nunawa. VLOOKUP da INDEX tare da MATCH da kuma SUMPRODUCT suna iya aiki da rufaffen fayil, shi ya sa masu ƙwarewa sukan maye gurbin SUMIF da SUMPRODUCT idan lissafin ya ƙetara daga fayil zuwa fayil. A ganina, waɗannan gurabe masu nuna kuskure su ne ma masu gaskiya a cikin Rahotonka, domin sun fito fili sun ce ba su ga abin da aka aike su nema ba. Waɗanda suka jawo maka zargi su ne waɗanda suka yi shiru suna nuna tsohon alƙalami kamar sabo. Excel yana ajiye kwafin alƙaluman ƙarshe da ya janyo a cikin fayil ɗin kansa, domin a iya karanta rahoto ko da tushensa ba ya kusa, kuma wannan alheri ne ga mai karatu kawai, amma tarko ne ga wanda ya ci gaba da shigar da sabbin alƙaluma yana jiran jimilla ta bi shi. Ina da yaƙinin cewa a daren da ka yi aikin a gida wani saƙo ya bayyana a saman shafin ko a tsakiyar allo yana magana a kan sabunta mahaɗai, wato alaƙar Rahoto da sauran fayilolin, kuma ka kore shi da gaggawa kamar yadda yawancinmu muke yi idan dare ya yi kuma batir yana barazanar ƙarewa.

Yanzu ga gyara, kuma ka bi shi a tsanake. Kafin komai, ka kwafi dukkan fayilolin, na shago da na laftof, ka ajiye su a wata folda dabam mai ɗauke da kwanan wata, kada ka sake taɓa su. Kana buƙatar su a matsayin shaida, kuma idan gyara ya karkace kana da wurin komawa. Bayan haka sai ka yanke hukunci a kan wane kwafin Ciniki ne na gaskiya, domin a halin yanzu kana da biyu: na laftof mai ɗauke da kwanaki huɗun ƙarshen wata, da na shago wanda mai yiwuwa ka ci gaba da zuba masa cinikin sabon wata. Wannan ya fi matsalar fomula haɗari, kuma babu wani maɓalli da zai warware maka shi. Sai ka zauna da littafin ciniki da rasitai ka tabbatar kowace rana ta shiga sau ɗaya tak a cikin kwafi guda, sannan ka ayyana shi a matsayin na asali.

Idan ka gama wannan, ka buɗe sabuwar folda, ka zuba fayilolin uku a cikinta kai tsaye, ka tabbatar sunayensu ba su sauya ba ko da harafi ɗaya. Ka buɗe Rahoto, ka je sashen Data a saman allo. A tsofaffin Excel za ka ga Edit Links, a sababbin na Microsoft 365 kuma sunansa Workbook Links. Zai jero maka duk fayilolin da Rahoto yake dogara da su. Ka zaɓi Ciniki, ka danna Change Source, ka nuna masa wanda ke cikin sabuwar foldar, sannan ka yi haka ga Farashi. Ka buɗe fayilolin biyu domin guraben SUMIF su farfaɗo, ka duba jimilla, sa'annan ka adana Rahoto da adanawa ta yau da kullum a nan inda yake. Wannan adanawa ta ƙarshe ita ce take mayar da adireshi ya koma kwatance, don haka kada ka manta da ita. Idan jimilla ta ƙi motsi bayan duk wannan, ka duba sashen Formulas ka tabbatar Calculation Options yana kan Automatic, domin wani lokaci yakan koma Manual ba tare da mutum ya sani ba.

A cikin akwatin Edit Links ɗin nan akwai wani maɓalli mai suna Break Link, kuma ina roƙonka kada hannunka ya kai gare shi a fayil ɗin aiki. Yana mayar da duk fomulolin da ke janyo alƙaluma daga waje su zama daskararrun alƙaluma, saƙon gargaɗi ya daina fitowa, mutum ya ɗauka ya yi maganin matsala, alhali ya yanke jijiyar rahoton ne, kuma ba a iya janye wannan mataki da Ctrl da Z. Na ga masu gyaran kwamfuta suna ba da wannan shawara domin ita ce mafi sauri wajen kawar da saƙon da yake damun mai kaya, amma wanda zai rufe lissafin wata mai zuwa shi zai ɗanɗana kuɗarsa.

Bayan gyara, ka tabbatar babu wani tsohon adireshi da ya maƙale. Ka danna Ctrl da F, ka sa a bincika dukkan fayil ɗin ba shafi ɗaya ba, a cikin fomuloli, ka nemi .xls, zai fito maka da kowane gurbi da yake kallon waje, sai ka bi su ka ga ko duk suna nuna sabuwar foldar. Wani lokaci mahaɗi yakan ɓuya a wurin da wannan bincike ba ya kaiwa, musamman a cikin sunayen da aka laƙaba wa gurabe, waɗanda za ka gani a Name Manager ƙarƙashin Formulas, ko a cikin zanen alƙaluma, wato chart, idan kana da shi. Idan ka ga Excel yana ta ƙorafi a kan wani fayil da ba ka ga fomularsa ba, can za ka fara dubawa.

Gwajin da zai tabbatar maka da komai mai sauƙi ne. Ka rufe Excel, ka kwafi foldar zuwa filash, ka kai ta ɗaya kwamfutar, ka sauke ta a can, ka buɗe Rahoto shi kaɗai ka danna ɗaya daga cikin guraben da ke janyowa. Idan adireshin da ya bayyana a layin fomula yana nuna wurin da foldar take a wannan kwamfutar, kwatance ya zauna. Sai ka buɗe Ciniki, ka ƙara naira 1,000 a wani gurbi na gwaji, ka ga ko jimillar Rahoto ta ƙaru da 1,000, sannan ka goge. Wannan gwaji ba ya cin minti biyu, kuma ina so ya zama al'adarka duk ranar da fayilolin suka sauya kwamfuta.

Akwai wasu hanyoyi da irin wannan matsala take sake shigowa, kuma tunda kana yawo da fayil tsakanin shago da gida, za ka ci karo da su. Harafin filash ba tabbatacce ba ne. Wanda ya zama E: a shago yana iya zama F: a laftof, don haka kada ka bar wani fayil a filash wani a cikin kwamfuta suna janyo juna. Idan aka turo fayil ta WhatsApp ko imel aka sauke shi sau biyu, na biyun yakan zo da lamba a maƙale a ƙarshen sunansa, kuma a wurin Excel wannan wani fayil ne dabam wanda Rahoto bai san shi ba. Idan za ka tura ta intanet, ka dunƙule foldar gaba ɗaya ta zama zif, wanda ya karɓa kuma ya warware ta tukuna kafin ya buɗe komai, domin buɗe fayil daga cikin zif kai tsaye yakan fitar da shi shi kaɗai zuwa wata folda ta wucin gadi inda ba ya ganin 'yan'uwansa. Idan kuma foldar Documents ta ɗaya daga cikin kwamfutocin tana haɗe da OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, kana iya ganin adireshin ya rikiɗe ya koma na intanet mai farawa da https, wanda yake ɗaure da asusun mai kwamfutar. Wannan ma Change Source ne maganinsa, amma gara ka ajiye foldar lissafin a wurin da ka san ko tana haɗe da OneDrive ko ba ta haɗe, da gangan ba bisa tsautsayi ba.

Akwai kuma wani haɗari da ba shi da alaƙa da sauya kwamfuta, amma tsarin fayil uku yana ɗauke da shi kullum, kuma shi ma ba ya yin gargaɗi. Idan Rahoto yana rufe ka ƙara layi biyar a tsakiyar shafin Ciniki, jimillar da take D40 ta koma D45, amma Rahoto bai shaida wannan ƙaura ba, zai ci gaba da karanta D40, ya kawo maka cinikin wani kwali ɗaya a matsayin jimillar wata. Idan kuma ka sauya sunan shafi ko sunan fayil a bayan idonsa, mahaɗin zai yanke. Ƙa'idar ita ce duk wani gyaran da ya shafi siffar shafi, ƙarin layi ne ko ragi ko sauyin suna, a yi shi alhali dukkan fayilolin suna buɗe, sannan a adana su duka. Mafi inganci ma shi ne ka laƙaba wa gurbin jimilla suna, misali JimillarYuni, ka sa Rahoto ya riƙa kiran sunan maimakon D40, domin suna yana bin gurbinsa duk inda ya koma.

Shawarata ta gaskiya, wadda ta wuce gyaran yau, ita ce ka tambayi kanka dalilin raba lissafin gida uku. Shafi ɗaya na xlsx, tsarin da Excel ya koma tun 2007, yana ɗaukar layi 1,048,576, kuma ban ga shagon sarin da cinikinsa na shekara zai cika wannan ba. Idan kai kaɗai kake shigar da alƙaluma, ka mayar da Farashi da Ciniki da Rahoto su zama shafuka a cikin fayil guda, ka huta da batun adireshi baki ɗaya, SUMIF ɗinka ma ya daina tawaye. Ana yin haka ta buɗe su duka, a danna dama a kan sunan shafin a ƙasa, a zaɓi Move or Copy, a mayar da shi cikin Rahoto. Idan mayarwa aka yi ba kwafi ba, fomulolin sukan bi shafin su zama na cikin gida. Ka fara gwadawa a kan kwafi, ka sake yin binciken .xls, idan bai fito da komai ba ka san an rabu da waje. Dalili ɗaya da zan amince da shi na barin su a rabe shi ne idan wani yaron shago ne yake shigar da ciniki kuma ba a so ya ga farashin sari da riba. Wannan dalili ne mai ƙarfi a kasuwa, kuma idan shi ne, sai ka riƙe ƙa'idar folda ɗaya.

Sai batun Baffa, wanda na san shi ne ya hana ka barci. Kada ka je masa da dogon bayanin fomula da adireshi, domin ga wanda zuciyarsa ta fara ɗarsa zargi, yawan bayanin da bai gane ba yakan yi kama da kwana-kwana. Ka nemi ya ba ka lokaci bayan an tashi daga kasuwa, ka zo da littafin ciniki, da tsohon Rahoto da ka ajiye ba ka taɓa ba, da kuma gyararren. Ka roƙe shi ya haɗa cinikin kwanaki huɗun nan da kansa a kalkuletarsa, sannan ya cire tsohuwar jimilla daga sabuwa. Idan alƙaluman biyu suka zo daidai, ya ga amsar da idonsa, ba daga bakinka ba. Idan kuma suka bar wani ɗan bambanci, kada ka firgita kuma kada ka ɓoye. Mai yiwuwa farashin wani kaya ya sauya a kwafi ɗaya bai sauya a ɗayan ba, sai ku bi shi tare har ku gano. Ka kuma amsa naka kuskuren a fili, wato ka miƙa masa rahoto mai ɗauke da gurabe masu nuna kuskure ba tare da ka tsaya ka kwatanta jimilla da littafi ba. Shi mai dukiya ne, ya ga giɓi, kuma yana da haƙƙin ya tambaya. Gara ma da za ka buɗe maganar da kanka tun kafin ta daɗe a cikinsa.

Daga yanzu kuma ka daina kai masa fayil mai rai. Baffa karatu yake so ya yi, ba gyara ba, don haka a ƙarshen kowane wata, bayan ka sabunta komai a kwamfutar shago ka kwatanta da littafi, ka fitar da Rahoto a matsayin PDF ka tura masa a waya ko ka buga masa a takarda, da kwanan wata da lokacin da aka rufe lissafin a rubuce a samansa. Ka kuma ƙara layi ɗaya a ƙasan Rahoto inda za ka shigar da jimillar littafin ciniki da hannu, gurbin da ke kusa da shi ya cire ta daga jimillar da fomula ta kawo. Idan ya nuna sifili ka tura, idan ya nuna wani abu dabam ka tsaya ka bincika. Idan kuma dole ta sa ka ƙarasa aiki a gida, ka rufe Excel, ka ɗauki foldar gaba ɗaya, ka yi aikinka, washegari ka mayar da ita gaba ɗaya ta maye gurbin ta shago kafin a shigar da cinikin farko na ranar.